Nasiha ga Ɗalibin Ƙididdiga Mai Aiki Daga Nesa

Ya ku ƙannena ɗaliban ilimin ƙididdiga, maza da mata, waɗanda Allah ya hore wa damar shiga manyan kwamfutocin jami'o'i da cibiyoyin bincike alhali kuna zaune a ɗakunanku, ina so in ja hankalinku ga wata mas'ala wadda malamai ba su cika tsayawa a kanta a cikin aji ba, don suna ɗaukarta ƙaramar aba ce da ɗalibi zai tsinta da kansa a hanya, ga shi kuwa ita ce takan cinye aikin kwana da kwanaki cikin ƙiftawar ido, ta bar mai aikin zaune yana salati, ba shi da wanda zai kai wa ƙara. Mas'alar kuwa ita ce yadda mutum zai riƙa rubuta umarninsa a ƙaramar kwamfutar da ke kan cinyarsa, lissafin yana gudana a wata babba mai nisa, sa'an nan ya tsara al'amarin ta yadda in hanyar da ke tsakaninsu ta yanke, lissafin zai ci gaba da tafiya har ya dawo ya tarar da shi inda ya kai.

Ya kamata mu fara da sanin dalilin da ya sa ake raba aikin gida biyu tun asali. Harshen R, wanda mafi yawanku kuke lissafi da shi, malamai biyu ne suka ƙago shi a Jami'ar Okland ta ƙasar Niyu Zilan a farkon shekarun 1990, watau Ross Ihaka da Robert Gentleman, suna bin sawun harshen S wanda John Chambers da abokan aikinsa suka fara a ɗakunan bincike na Bell a Amurka a 1976. Ɗabi'arsa kuwa ita ce ya kwaso bayanan da zai yi aiki a kansu gaba ɗaya ya zuba su a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ma'adanar nan mai sauri wadda ba ta riƙe masa kome sai muddin shi kansa yana raye. Saboda haka idan bayanai suka yi yawa, ko kuwa hanyar lissafin ta bukaci a maimaita abu guda sau dubbai, kamar dabarar sake ɗibar samfuri daga cikin samfuri wadda Bradley Efron ya bayyana a 1979, sai ƙaramar kwamfuta ta ɗauki zafi ta gaza, ala tilas a koma ga babbar, wadda ake kira sabar. Amma ɗalibi ba ya son rabuwa da manhajar rubutun da hannunsa ya saba da ita, ko Emacs ce, wadda Richard Stallman ya fitar da sigarta ta GNU a 1985, tare da ƙarin da aka yi mata don masu ƙididdiga mai suna ESS, ko kuwa Vim ta Bram Moolenaar wadda ta fito a 1991. Fa'idar wannan tsari a fili take: ka rubuta layi guda, ka danna maɓalli, layin ya tafi ga R, amsa ta dawo a taga ta biyu, kai kuwa rubutunka yana nan a fayil, ba ya ɓacewa cikin tarin abin da aka buga aka wuce.

To, a nan ne nake so ku kiyaye da wata ƙa'ida wadda duk sauran maganata ta ginu a kanta, ita ce cewa abubuwa uku ne a cikin wannan aiki, kowanne da nasa ajali: akwai manhajar rubutun da ke gabanka, akwai hanyar da ta haɗa ka da sabar, akwai kuma zaman R da ke can yana riƙe da bayananka. Hanyar nan galibi SSH ce, wadda Tatu Ylönen ya rubuta a 1995 a jami'ar fasaha ta Helsinki a ƙasar Finlan, bayan da aka kama wani shiri yana sace kalmomin sirri a hanyoyin sadarwar jami'arsu, ya ga wajibi ne a riƙa lulluɓe duk abin da ke wucewa tsakanin kwamfuta da kwamfuta. Lokacin da ka shiga ta SSH, sabar takan buɗe maka wata tasha ta musamman, ta ɗora a kanta shirin da ke karɓar umarninka, idan kuma ka kira R daga nan sai ya zama ɗa ga wancan shiri, a ɗaure da waccan tasha. Haka al'amarin yake ko ka shiga daga cikin Emacs ka kira umarnin ess-remote, ko ka buɗe fayil mai nisa ta hanyar TRAMP ta Emacs ka tayar da R daga can. Sura ce ta bambanta, amma hukuncin ɗaya ne, domin a duka biyun ran R yana rataye da ran hanyar, ran hanyar kuma yana rataye da ran manhajar rubutunka da wutar da ke cikin batirinka.

Abin da ke faruwa idan hanya ta yanke tsohuwar doka ce ta tsarin Unix, kuma da hikima aka kafa ta. A zamanin da mutane ke shiga babbar kwamfuta ta layin tarho, idan layin ya katse babu amfanin barin shirye-shiryen mai kiran suna cin ƙwaƙwalwar da jama'a ke rabawa, don haka aka shar'anta cewa da zarar tasha ta rufe, tsarin zai aika wata ishara mai suna SIGHUP, wadda ita ce ta ɗaya a jerin isharorinsa, zuwa ga shirin da ke riƙe da tashar, shi kuma ya isar da ita ga 'ya'yansa, duk wanda ba a koya masa kau da kai daga gare ta ba sai ya mutu nan take. Layukan tarhon sun tafi, dokar tana nan. Idan R ya mutu ta wannan hanya, dukan abin da ke ƙwaƙwalwarsa ya tafi ke nan, daga teburin da ka kwana kana tsabtacewa har zuwa sakamakon lissafin da ya rage kaɗan ya kammala, kuma babu wani gwani da zai dawo maka da shi. Wani lokaci ma sabar ba ta farga da yankewar da wuri, sai shirin ya ɗan ci gaba da gudana, ka sake shiga ka gan shi da idonka a jerin ayyuka, amma ba ka da ƙofar da za ka yi masa magana, wannan kuwa ya fi mutuwar farat ɗaya ciwo.

Ɗalibin da ke aiki a Zariya ko Kano ko Maraɗi ya fi takwaransa na Turai bukatar fahimtar wannan, ba don wani dalili ba sai don hanyarsa ta fi saurin yankewa. Galibinku da waya kuke ba kwamfuta intanet, wayar tana jingine a taga inda sabis ya fi ƙarfi. Sai a ɗauke wuta, ko data ta ƙare ana tsakiyar aiki, ko hadari ya taso sabis ya yi ƙasa, ko kira ya shigo, ko kuwa ladan ya yi kiran salla ka rufe murfin kwamfutar ka tashi, ita kuwa da an rufe ta sai ta yi barci ta saki hanyar. Ko da babu ɗaya daga cikin waɗannan, lambar adireshin da kamfanin waya ya ba ka takan canja idan wayar ta sauka daga intanet ta sake hawa, SSH kuwa ta ƙulla alkawarinta ne da tsohon adireshin, ba ta san sabon ba. Wanda duk yake cikin wannan hali, ya kuma tayar da lissafin sa'o'i goma a kan hanya tsirara, ya yi sakaci da sababi, tawakkali kuwa ba ya inganta sai bayan an riƙi sababi.

Maganin farko da za a faɗa muku shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani, amma ku yi shi. A tsakaninku da sabar akwai na'urori masu yawa da ke lura da kowace hanya da aka buɗe, in suka ga ta yi shiru na wani lokaci sai su ɗauka an yi watsi da ita su share ta daga lissafinsu. Lissafi mai tsawo kuwa shiru yake yi, ba ya cewa uffan sai ya gama. Don haka a cikin fayil ɗin config da ke jakar .ssh ta kwamfutarka ka rubuta ServerAliveInterval 60, ma'anarsa duk lokacin da aka yi daƙiƙa sittin ba a ji motsin sabar ba, SSH ta aika mata ɗan saƙo ta nemi amsa. Wannan yana hana a share hanyar saboda shiru, yana kuma sa idan an aika sau uku ba amsa, SSH ta haƙura ta sake ka, maimakon ta bar ka kana kallon taga a daskare. Idan kuwa ta daskare duk da haka, ka danna Enter, ka buga alamar ~ sa'an nan ɗigo, za ta rufe. Sai dai ku sani iyakar wannan magani ke nan: yana tsawaita ran hanya, ba ya raba ran R da ita.

Maganin gaskiya shi ne a sa wani a tsakani wanda zai riƙe R a madadinka, wanda shi mazaunin sabar ne, ba ya tafiya in ka tafi. Fatakenmu na dā sun san wannan tsari, domin baƙon da ya sauka a zango ba ya kwana rungume da kayansa. Yakan damƙa su ga fatoma, ya shiga gari ya yi harkokinsa, ko ma ya yi wata tafiyar, in ya komo ya tarar da su a ɗakin da ya bar su. Shirin farko da ya shahara da wannan aiki shi ne Screen, wanda Oliver Laumann ya rubuta a Balin ta Jamus a 1987, daga baya Nicholas Marriott ya fito da tmux a 2007, wanda a yau ya fi yaɗuwa. Yadda suke yi shi ne su buɗe tasha tasu ta kansu a cikin sabar, su ɗora R a kanta, kai kuma ka zama mai leƙowa kawai. Idan hanyarka ta yanke, isharar mutuwa takan samu tagar da kake leƙowa ta cikinta, amma tashar da R yake kai ba ta rufe ba, don haka ko labari bai ji ba. Da ka shiga sabar, kafin ka taɓa kome, ka buga tmux new -s bincike, ka kira R a ciki. In za ka tashi, ka danna Ctrl da b tare, ka saki, ka danna d, ka fita abinka. In ka dawo, ko bayan sa'a ɗaya ko bayan mako, ko daga wata kwamfutar dabam, ka buga tmux attach -t bincike. Mai amfani da Screen kuwa screen -S bincike zai buga, ya fita da Ctrl da a sa'an nan d, ya dawo da screen -r bincike, idan kuma Screen ya ce masa har yanzu akwai wani a manne, alhali tsohuwar hanyarsa ce da ta mutu, ya ƙara -d kafin -r. Ku riƙa ba kowane zama suna mai ma'ana, domin ranar da suka kai huɗu ko biyar, lambobi ba za su gaya muku wanne ne wanne ba.

Ina roƙonku kada ku gaskata wannan don na faɗa. Ku jarraba shi yau, tun ba ku da abin asara. Ku buɗe zama, ku sa R ya riƙa ƙirga daga ɗaya zuwa ɗari uku yana hutawa daƙiƙa guda tsakanin kowace lamba da umarnin Sys.sleep, idan ya kai ashirin ku kashe intanet ɗin wayarku da gangan, ku je ku sha ruwa, ku dawo ku sake shiga. Wanda ya ga ƙirgar ta wuce ɗari ba da saninsa ba, zuciyarsa za ta natsu da wannan ilimi natsuwar da karatu kaɗai ba ya bayarwa.

Yanzu sai mu zo ga wurin da ɗalibai suka fi tuntuɓe, watau haɗa wannan tsari da manhajar rubutu ta gida. Shi tmux, haka ma Screen, yana zana fuskar tasha gaba ɗaya, yana aika ɓoyayyun haruffa masu cewa a kai alƙalami nan, a share can, a canja launi. Tagar da ESS ke magana da R ta cikinta kuwa taga ce mai sauƙin hali, layi take karɓa layi take bayarwa, ba ta san waɗannan haruffa ba. Idan ka cusa ɗaya cikin ɗaya sai ka ga rubutu ya hargitse, ESS ta kasa gane alamar da R ke nunawa in ya shirya karɓar sabon umarni, ta tsaya tana jiran abin da ya riga ya iso. A irin wannan hali akwai wani ɗan ƙaramin shiri mai suna dtach, wanda ba ya zana kome, aikinsa ɗaya tak, ya riƙe shiri a raye ya bar ka ka manne ka saki. Daga cikin Emacs ka shiga sabar, ka buga dtach -A, ka ba shi sunan wani fayil da zai zama ƙofar zaman, ka biyo da R, sa'an nan ka kira ess-remote. Idan hanya ta yanke ka maimaita wannan umarni daidai yadda yake, zai mayar da kai ga tsohon zamanka maimakon ya buɗe sabo. Illarsa ita ce ba ya adana abin da R ya faɗa a bayan idonka, don haka wajibi ne ka sa lissafinka ya riƙa rubuta rahotonsa a fayil. Ko tmux ma, in ba ka ƙara masa ba, layuka dubu biyu na ƙarshe kaɗai yake tunawa. Masu Vim nasu ya fi sauƙi, domin akwai ƙari irin su vim-slime da ke ɗaukar layin da ka zaɓa ya jefa shi a wata tagar tmux, ita kuwa tagar ba ta damu ba ko R ɗin da ke cikinta na gida ne ko na nesa.

Akwai wata mazhaba kuma, wadda ta ce a daina wahala, a ɗauki manhajar rubutun ita ma a kai ta sabar. Tun daga siga ta 23 wadda ta fito a 2009, Emacs tana iya zama a ɓoye tana jira idan aka tayar da ita da emacs --daemon, kai kuma ka riƙa leƙa ta da emacsclient, R da fayilolinka da duk tagoginka suna nan yadda ka bar su. Aibin wannan hanya shi ne kowane harafi da ka buga sai ya je sabar ya dawo kafin ka gan shi, idan kuwa sabar tana wata nahiya, sabis kuma yana rawa, rubutu yakan zama azaba. Don rage wannan ne Keith Winstein da Hari Balakrishnan suka fito da Mosh a jami'ar MIT a 2012, wanda yake nuna maka harafin nan take tun amsar ba ta iso ba, kuma ba ya mutuwa in adireshinka ya canja ko kwamfutarka ta yi barci. Sai dai dole a girka shi a sabar, a kuma buɗe masa ƙofofinsa, waɗanda suke farawa daga lamba 60000, ba kowane mai kula da sabar ne kuwa yake yarda da haka ba. A ra'ayina, wanda hanyarsa ke yawan yankewa, wannan mazhaba ta biyu ta fi masa lafiya idan ya samu Mosh, ya haɗa shi da tmux. Wanda bai samu ba ya riƙe manhajarsa a gida, ya yi rubutu cikin natsuwa ko babu intanet, ya riƙa aikawa idan hanya ta samu.

Ku kiyayi zane-zane. Idan kuka sa R ya buɗo tagar zane a kwamfutarku ta cikin SSH, tagar nan a ɗaure take da hanyar, in ta yanke tana iya jawo wa zaman duka matsala ko da yana cikin tmux. Ku rubuta zanenku a fayil da png ko pdf, ku rufe da dev.off, ku ɗauko fayil ɗin ku duba.

Bayan duk wannan, kada wani ya zaci zaman da ke cikin tmux ya sha ruwan rai. Sabar kanta akan kashe ta a sake kunnawa don gyara, duk abin da ke ƙwaƙwalwarta ya tafi. Idan ƙwaƙwalwa ta cika maƙil, tsarin Linux yakan zaɓi shiri guda ya kashe don ya ceci saura, galibi kuma wanda ya fi kowa ci yake zaɓa, a sabar masu ƙididdiga kuwa sau da yawa R ne wannan. Abin da za ka tarar kalma ɗaya ce a allo da ke cewa an kashe shi, babu ƙarin bayani. A 2016 ma masu tsara systemd, shirin da ke kula da tashin mafi yawan kwamfutocin Linux, sun fitar da siga ta 230 wadda a asalinta take kashe duk ayyukan mutum da zarar ya fita, har da tmux da Screen, aka yi ta muhawara, mafi yawan masu rarraba Linux suka mayar da tsohon hali, amma zaɓin yana nan ga mai kula da sabar in ya so ya kunna shi. Wani abin kuma da ke tayar da hankalin sabon shiga a banza shi ne manyan cibiyoyi sukan kasance da ƙofar shiga fiye da ɗaya ƙarƙashin suna guda, sai ka bar zamanka a ta farko, gobe a jefa ka a ta biyu, ka nema ka rasa, ka ɗauka ya mutu alhali yana nan lafiya lau. Ka buga hostname ranar da ka buɗe zama, ka rubuta amsar a littafinka.

Tun da haka ne, mai hankali yakan yanka dogon lissafi gunduwa-gunduwa. Alal misali, in maimaitawa dubu za ka yi, ka raba ta kashi ashirin, hamsin-hamsin, kowane kashi ya kammala a ajiye sakamakonsa a faifai da saveRDS, ka kuma tsara umarninka ta yadda in aka sake tayar da shi zai fara duba waɗanne kaso ne suka riga suka sauka, ya tsallake su. Ka ba kowane kashi nasa iri da set.seed, don lambobin kaɗa ƙuri'ar da ya yi amfani da su su fito daidai in an maimaita. Akwai kuma wata 'yar dabara da ta cancanci a sani: ka fara rubuta fayil ɗin da sunan wucin gadi, sai ya gama sauka ka canja masa suna da file.rename, domin idan mutuwa ta riski shirin yana tsakiyar rubutu, rabin fayil zai bari, mai suna daidai amma ciki a lalace, gobe kuma umarninka ya gan shi ya ɗauka wancan kashin ya kammala.

Aikin da ya riga ya nuna, wanda ba ya bukatar ka riƙa tsayawa kana duba amsa kafin ka ba da umarni na gaba, ba shi da bukatar zama mai rai ko kaɗan. Ka miƙa fayil ɗin gaba ɗaya ga Rscript, ka sa nohup a gabansa, wanda aikinsa shi ne toshe kunnen shiri daga isharar nan ta SIGHUP, ka karkatar da maganarsa zuwa fayil ɗin rahoto, ka riƙa leƙawa da tail. A cibiyoyin da ke da tarin kwamfutoci kuwa akwai mai raba aiki, mafi shahara shi ne Slurm, wanda aka fara a ɗakin bincike na Lawrence Livermore a Kalifoniya a farkon shekarun 2000. Kana gaya masa lokacin da kake so da yawan ƙwaƙwalwar da kake bukata, ka miƙa da sbatch, ka duba layi da squeue, shi zai nemo wa aikin wuri. A irin waɗannan cibiyoyi, gudanar da lissafi mai nauyi a kwamfutar ƙofar shiga rashin ladabi ne, domin kowa ta nan yake wucewa.

Saura abu guda wanda ya fi duk waɗannan dabaru nauyi a wurina, shi ne fitinar da ke ɓoye a cikin nasarar kanta. Ɗalibin da ya iya raya zamansa mako uku ko huɗu yakan wayi gari zaman ya cika da abubuwan da ba su da asali a rubuce: wani shafi da ya gyara da hannu ranar Talata, wasu layuka da ya cire don sun yi masa kama da kuskure, wani adadi da ya canja don gwaji ya manta bai mayar ba. Lissafi yana ta fita, teburori suna kyau, amma in aka ce ya sake fito da su daga tushe ba zai iya ba, domin rabin matakan a ƙwaƙwalwar R suke, ba a fayil ba. Malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya sai da isnadi, mutum daga mutum har zuwa asali, in an samu giɓi a silsilar sai darajar ruwayar ta faɗi, kome daɗin lafazinta. Haka ya kamata ku ɗauki kowane adadi da za ku sa a kundin bincikenku, a iya bin sa mataki-mataki, layi bayan layi, har zuwa ɗanyen bayanan da aka tattaro daga bakin jama'a. Wannan ne ainihin dalilin da ya sa na fi son ku yi aiki daga manhajar rubutu, domin tana tilasta muku ku rubuta kafin ku aika. Ku sharɗanta wa kanku cewa babu umarnin da zai canja bayanai face ya fito daga fayil. Ku hana R ajiye tarkacen zama da ɗauko shi da kansa, ta hanyar tayar da shi da --no-save da --no-restore. A ƙarshen kowane mako ku buɗe sabon zama fes, ku gudanar da fayil ɗin daga farko har ƙarshe, ku gwada abin da ya fito da abin da ke hannunku, in sun saɓa ku nemo giɓin tun kuna iya tuna abin da kuka yi. Ku kuma ajiye abin da sessionInfo ya nuna, don a san da wace siga ta R da waɗanne ƙunshe-ƙunshe aka yi aikin.

Sabar kuwa amana ce, dukiyar jama'a ce da aka ba ku aro. Zaman da ka bari a buɗe yana riƙe da ƙwaƙwalwar da ya ci ko ba ya aikin kome, wata 'yar'uwarka kuma tana can aikinta yana mutuwa don wuri ya ƙare, ba ta san kai ne sanadi ba. In kuma bayanan na marasa lafiya ne ko na magidantan da suka amsa tambayoyi bisa alkawarin za a rufa musu asiri, to makullin SSH ɗinka shi ne ƙofar asirinsu, ka sa masa kalmar sirri, kada ka ba aboki aro, kada ka kwashe bayanan zuwa waya don sauƙi. Idan aiki ya ƙare, ka tabbata sakamako ya sauka a faifai, ka buɗe shi ka gani da idonka, ka ɗauko kwafi zuwa kwamfutarka, sa'an nan ka fita daga R da q(), ka buga exit don tagar ta rufe, ka bi da tmux ls ka duba ko akwai wani tsohon zama da ka manta da shi tun watan jiya, in akwai shi ma ka shiga ka rufe shi.